Waken Godiya a Gindin Buhu

Ku yaran yanzu kun ɗauka buhu ba sana'a ba ne. Kun sami ɗan keken ɗinki mai lantarki, ku kama bakin buhu ku ja, ku wurga shi gefe, ku ce aiki ya ƙare. To ku matso in ba ku labari, tunda motar da muke jira ba ta iso ba, kuma kun riga kun cinye mini gyaɗa. Ɗinke bakin buhu shi ne ƙaramin abu a aikin nan. Babban abin shi ne ka san inda buhu ya kwana, da abin da ya kwana kusa da shi. Ni Sahabi ban san haka da wayona ba, sai da aka maido mana da kaya tun daga bakin teku.

Aikin farko da aka ba ni a rumfar Baba Arzika, cikin kasuwar Argungu, shi ne juya buhu. Mahaifina ne ya kai ni, ya ce ga shi nan a koya masa abin yi, noman fadama bai karɓe shi ba. Na zaci ranar za a miƙo mini basilla. Ina! Tulin tsofaffin buhunan ashasha aka nuna mini, aka ce in juya kowanne ciki ya koma waje, in rataya shi a gungume, in yi ta dukansa da sanda har ƙura ta daina tashi. Bayan nan in bi ɗinkin gindinsa da guntuwar tsintsiya, don nan ne dusa da ƙwari suke maƙalewa, sannan in shimfiɗa shi a kan daɓe idan rana ta take. Na shafe damina da rani ina wannan, gashin kaina kullum fari fat kamar na tsoho. Duk ranar da na yi ƙorafi sai Baba ya ce wanda bai daki buhu ba bai isa ya ɗinka shi ba.

Baba Arzika gajeren mutum ne mai babbar murya, basillarsa kullum a soke a gefen hula. Da hanci yake sayen buhu. Sai ya tura kansa ciki ya shaƙa, ya fito ya ce wa mai sayarwa albasa aka zuba a wannan, kafin albasar kuma busasshen kifi, kada a ɓata masa lokaci da rantsuwa. Buhun da ya taɓa ɗaukar taki ba ya barinsa ya je kusa da abinci, ko da mai saye ya ce shi ya yarda. Masu albasa ya ba su mai sakin saƙa don ta sha iska, masu shinkafa ya ba su mai matsattsiyar saƙa. Akwai wani ɗan albasa da ke hawa kan buhu yana dannawa da gwiwa don ya ƙara cusawa, in ya fashe kuma ya dawo yana cewa zarenmu ruɓaɓɓe ne. Baba ya ɗinka masa, ya karɓi ladansa, ya bi shi da addu'ar Allah ya ƙara wa gwiwar nan ƙarfi, tunda ita ke ciyar da mu.

Amma abin da aka fi sanin Baba da shi a ƙauyukan gefen gulbi shi ne aron buhu. Da kaka ta yi sai ka ga tsofaffin mata da ƙananan manoma suna zuwa, su gaisa, su daɗe suna zancen ruwa da tsuntsaye, sannan su ce ko akwai ɗan abin zuba shinkafa. Ya ba su, ba ya tambayar yaushe za su maido. Ku kuma kun san al'adarmu, abin aro ba a maido shi wayam. Kowa in ya kawo buhu za ka tarar ya ƙulle wani abu a gindinsa, tafin gero, ko shinkafa, ko wake. Baba yana da wata tsohuwar randa mai karyayyen baki a kusurwar rumfa, nan yake juye duka, yana kiranta randar godiya. In ta taru a dafa, ko a ba mabuƙaci. Akwai wata tsohuwa, Inna Kulu, wadda ita kullum wake take ƙullowa, kuma na bara, wanda ta ɓoye a tukunya don ranar fita kunya. Mu a lokacin ba mu ga komai a ciki ba sai alheri.

Da aka ba mu jiha, Birnin Kebbi ta cika da baƙi da motoci, kowa yana neman ƙofar da zai shiga. Nan ne Alhaja Mulika ta zo mana. Bayarbiya ce, amma a Birnin Kebbi ta yi aure ta haifi 'ya'yanta, Hausa a bakinta har da karin maganar da ni ban sani ba. Da kwanuka da tasoshi take sayarwa. Sai ta sami wani mai saye a ƙasar waje da ke son farin wake don mutanenmu mazauna can, a ɗora shi a jirgin ruwa daga Ikko. Ta zo da ɗaurin sababbin buhuna, masu ƙamshin man inji, ta ce tana son wanda zai tsaya mata a kan cikawa da ɗinki, kuma duk wanda ta tambaya sunan Baba yake faɗa.

Kayanta na farko kaɗan ne. Aka sayo sabon wake daga gonakin tudu, aka shanya shi har yana ƙara a haƙori, mata suka rairaye suka tsince, muka cika muka ɗinka. A lokacin an fara ba ni basilla, kuma Baba yana tsaye a kaina yana cewa in bar wa buhu kunne biyu masu kyau, don 'yan dako su sami abin kamawa. Ranar da muka gama mota ta zo ta kwashe. Kaya ya wuce lafiya, Alhaja ta dawo da fara'a, ta ce na gaba zai ninka.

Kaya na biyu shi ne ya zo da shekarar da ba na mantawa. Mun yi masa duk abin da muka yi wa na farko, har da ƙari. Sai dai lokacin ana wahalar mai, motar da aka yi alkawari da ita ta maƙale a layi, wake ya zauna a jere cikin rumfarmu kusan wata guda kafin a ɗauka. Can bakin teku ma ya sake jira. Muna nan muna lissafin tukwici, sai ga Alhaja ta sauko daga motar haya, ba kwalliya, ba sallamar nan tata mai tsawo. Ta zauna a kan benci, ta kwance wani ƙulli daga jakarta ta baza a gaban Baba. Wake ne duk huji, ƙananan ƙwari suna yawo a kai kamar kasuwarsu ce ta ci.

Ta ce masu duba amfanin gona a tashar jirgi sun soki buhuna sun ga ƙwaro mai rai, sun hana kayan hawa jirgi gaba ɗaya. Dole ta karyar da shi a kasuwar can yadda ya samu. Baba ya fara faɗa. Ya ce wannan tsirfa ce kawai, tun kakanninmu wa ya taɓa cin wake ba ƙwaro, ai in an dafa shi ne naman talaka. Alhaja ba ta yi dariya ba. Ta ce ita ma haka ta faɗa wa ma'aikaciyar da ta duba kayan, matar kuwa ta zaunar da ita ta yi mata bayani ba wulaƙanci. Kowace ƙasa tana tsaron ƙofarta kada wani abu mai rai ya shigo mata cikin kaya, don in ya shiga ya hayayyafa ba mai iya fitar da shi. In kuma namu suka bari ya wuce aka kama shi a can, ba ita kaɗai za a rufe wa ƙofa ba, har da duk mai wake a ƙasar nan.

Baba ya sake duban waken da ke gabansa. Shi Bakabe ne, danginsa duk masunta, kuma a 'yan shekarun nan wani ɗan'uwansa da ke su wajen Yawuri yana ta ba shi labarin wata baƙuwar ciyawa da ruwa ya kawo daga wata ƙasa, ta rufe fuskar kogi, ta hana jirgi wucewa, ta hana jefa taru. Can sai ya ce a hankali, "Ashe su ma gulbinsu su ka tsaro." Daga nan bai sake kiran abin tsirfa ba.

Saura a gane daga ina ƙwaron ya fito. Ni na ce mota ce, wani ya ce manoma ne suka gauraya da tsoho. Alhaja ta ce matar nan ta ba ta shawara ɗaya, ta je ta dubi wurin da buhunan suka kwana. Baba ya tashi yana bin rumfa da ido, bango bango, har ya tsaya a kusurwa. Ya naɗe hannun riga ya zura cikin randar godiya har kafaɗa, ya ɗebo daga ƙasa. Abin da ke tafinsa motsi yake yi. Waken bara na Inna Kulu da na ire-irenta ya zama gidan ƙwari, kuma tsawon zaman da sabon wake ya yi yana jiran mota, su suna tashi suna sauka a kansa suna zuba ƙwai. Ban taɓa ganin fuskar Baba ta faɗi irin ranar ba, na ji tausayinsa har na kau da kai.

Labari a kasuwa ba ya buƙatar mota. Kafin sati aka ce rumfar Arzika ta yi ƙwari, masu shinkafa ma da abin bai shafe su ba suka koma wani wuri. Mun yini muna korar ƙuda. Wani mai sayar da maganin ƙwari ya zo yana ba Alhaja shawarar ta riƙa barbaɗa hoda a cikin waken da hannu sake, ko aljani ba zai rayu a ciki ba. Ta ce can suna auna wannan ma, kuma laifinsa ya fi na ƙwaro. Baba kuwa ya ce abin da ba zai ba jikansa ya ci ba, ba zai ɗinke bakinsa ya aika wa jikan wani ba. Ni dai haushina duk a kan tsofaffin nan yake. Na ce a fasa randar, a daina ba kowa aro, wanda ba shi da buhu ya zuba a zanensa.

Alhaja ma kusan haka ta ce, sai dai ita da ladabi. Ta sayar da rabin kwanukanta ta toshe asara, mai sayen kuma ya ce zai ƙara gwada ta sau ɗaya, in aka sake to shi ke nan. Ta ce, "Baba, wallahi ban so in bar ka. Amma tsohon buhu da kayana ba su ƙara kwana ɗaki guda. Ko ka bar bada aro, ko in kai aikina Jega." Aikinta kuwa shi kaɗai ya rage mana, in ya tafi sai dai mu rufe rumfa in koma fadamar da ta ƙi ni.

Kashegari da hantsi, kamar an aiko ta, sai ga Inna Kulu da buhunta a naɗe a ka, ba ta san wainar da ake toyawa ba. Na zuba ido in ga yadda za a yi. Baba ya tare ta tun daga waje, ya sa hannu biyu ya karɓi buhun, ya kwance ƙullin waken ya juye a hularsa, ya yi ta sa mata albarka har ta tafi tana jin daɗi. Sannan ya juyo ya ce mini in kama masa randa. Muka fitar da ita, muka kwashe duk wani tsohon buhu muka kai gindin wata tsamiya can ƙetaren hanya, nesa da rumfa. Muka share rumfar tas, muka ƙone sharar, muka liƙe duk tsagar bango da ta daɓe, muka shafe da farar ƙasa, muka rufe ta ba komai a ciki har zafin bazara ya gasa ta.

Ranar da muka buɗe, Baba ya kawo igiya ya ɗaura daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi a gaban rumfar. Ya kafa doka, duk wanda ya taɓa tsohon buhu a yinin nan ba ya ƙetare igiyar, ko wane ne. Ya ce ni ne a ciki da sababbin buhuna, shi kuma ya koma gindin tsamiya da tsofaffin buhuna da randarsa. Na ce a'a, ai ni ya kamata in fita rana, shi ya zauna a inuwar da ya gina tun ban zo duniya ba. Ya ce in rufe masa baki. Tsohuwa ba ta iya buɗa baki ta roƙi yaro aro, in ta zo ta tarar da ni sai kunya ta mai da ita gida, shinkafarta ta kwana a ƙasa.

Haka muka shirya kaya na uku. Alhaja ta kawo durom-durom masu murfi, in an shanya wake aka tsince sai a zuba a toshe bakin sosai, ko da wani abu mai rai ya saura rashin iska ya gama da shi. Ba mu buɗe ɗaurin sababbin buhuna ba sai da muka ga mota da idonmu. Ina da riga ɗaya a rataye a ciki, in zan shiga in canza. 'Yan kasuwa suka sa wa wurin suna asibitin wake, masu wucewa suna tambayar ko likita yana ciki. Baba yana can ƙetaren hanya yana faci, amma muryarsa tana rumfa, kullum yana ƙwala mini cewa in ja zare, in daina ɗinki kamar mai jin barci.

Ranar lodi muna cikawa ana ɗorawa, rana ta yi tsaka, mutane sun taru suna kallo. Sai wani ɗan dako ya yi wa buhu mugun ɗauka, ƙusar jikin mota ta kama shi ta tsaga tun daga kunne, wake ya fara zuba a kan tabarma a bakin rumfa. Hannuna yana kan wani buhun. Kafin in saki, na hango Baba ya taso a guje, basilla a hannu, rigarsa fari fat da dusar tsofaffin buhunan da ya yini yana kakkaɓewa. Ba gwada ni yake ba, mutum ne da tun yana saurayi bai taɓa ganin buhu ya fashe ya zauna ba, ya manta da doka ya manta da komai. Ga durom a buɗe, ga buhuna ba a ɗinka ba, ga shi ya ɗaga ƙafa zai ƙetare igiya. Ban san lokacin da na sha gabansa ba.

"Baba, tsaya nan! Ba ka shiga."

Har 'yan dako suka tsaya cak da kaya a ka. Yaron da aka kawo dukan buhu, yau shi ke hana maigidansa shiga rumfarsa a gaban jama'a. Baba ya dube ni, ya dubi rigarsa, ya mai da ƙafarsa ƙasa. Ya soke basilla a hula ya koma gindin tsamiya. Na ɗinke buhun da ya tsage, muka ƙarasa lodi, mota ta tashi kafin la'asar.

Daga ranar muryarsa ta daina ƙetaro hanya. In na je gaishe shi da safe ya ce lahiya, ya ci gaba da facinsa. Abin ya dame ni fiye da jiran labarin kaya, don ina ƙaunar tsohon nan kamar mahaifina. Wasu suka ce na kyauta, wasu suka ce ɗan zamani ne, ya sami rumfa ya manta da wanda ya koya masa riƙon basilla. Ko tuwo na ci ba na jin ɗanɗanonsa.

Aka jima, ran wata kasuwa, sai ga Alhaja da sallamarta mai tsawo tun daga bakin hanya, da ƙullin goro a hannu. Kai tsaye gindin tsamiya ta nufa. Kaya ya hau jirgi, ya isa, an buɗe ba a ga komai ba, mai saye ya ce a shirya wani. Na hango Baba yana shafa addu'a, sannan ya ɗaga hannu ya yafito ni. Na cire rigar aikin rumfa na ƙetara, na tsaya a gabansa.

Ya ce, "Sahabi, abin da kay yi daidai na. Da ka bar ni na shiga, da wataƙila yau kuka mu kai. Amma na ji zahi, kuma har yanzu ina jin shi. Gobe in za ka hana tsoho shiga ɗakinai, ka hwara durƙusawa tukuna."

Nan take na zube a gabansa, gwiwa biyu a kan tulin tsofaffin buhunan da yake kai, na ce ya gafarce ni. Ya bar ni a haka na ɗan lokaci, yana ɓare goro a natse, ya ba Alhaja rabi. Sannan ya leƙo ya dubi inda gwiwoyina suke, na ga gemunsa ya fara rawa da dariya.

"To, ga shi kai ma ka taɓa tsohon buhu. Yau ba ka shiga rumhwata."

Alhaja ta yi ta dariya har da share hawaye da bakin gyale. Baba ya matsa ya ba ni wuri a tabarmarsa, ya jefo mini wani yagaggen buhu da wata tsohuwa za ta zo karɓa da yamma. Muka yini a nan muna faci, yana kushe ɗinkina.